Tsamiyar da Ke Tsakiyar Fuloti

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da na Daurawa da Darmanawa da Babban Giji, har zuwa Ƙauyen Alu da Unguwa Uku, domin hirar yau a ƙofar gidanku za mu yi ta.

Akwai wata tsamiya da na sani tun ina yaro a wani lungu na Unguwar Gano. Mutum biyu ba sa iya rungume ta. Da safe mai shayi ne a gindinta, da hantsi mai gyaran takalmi, bayan la'asar kuma dattawa su shimfiɗa tabarma. In an yi rashi a layin, nan ake zaman makoki. In ɗaurin aure ne, nan ake jera kujeru. Idan ta yi 'ya'ya, matan layin ba sa sayen tsamiyar kunu. Da magada suka sayar da filin da take ciki, wata Asabar da safe sai muka ji ƙarar inji. Kafin a kira azahar an kwantar da ita, kafin magariba an loda itacen a mota an kai gidan burodi. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya ya zo. Da aka kammala ginin, sai ga shi bango bai ma kai inda take ba. Wurin ya zama na ajiye mota, aka shafe shi da siminti, da bazara ta kankama kuma mai gidan ya kira mai walda ya kafa rumfar kwano don motar ta samu inuwa.

Ban kawo labarin nan don in ci zarafin bawan Allah ba. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya yi shi ne abin da kusan kowa ke yi. Da za ka tambaye shi a ranar, amsar da zai ba ka ita ce wadda muka saba ji: filina ne, da kuɗina na saya, abin da ke ciki nawa ne. To, haka abin yake a doka? In ba haka ba ne, ina haƙƙin mai fili ya tsaya, ina na maƙwabta ya fara, hukuma kuma mene ne nata? A kan wannan za mu tattauna.

Ku ɗan saurari sunayen garin nan tukuna. Ɗorayi. Giginyu. Kurna. Kawo. Tsamiyar Boka a Hotoro. Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa a cikin birni. Kukar Bulukiya. Kasuwar Rimi. Kakanninmu da bishiya suke kwatance, da ita suke raɗa wa unguwa suna, domin ita ce abin da suka ɗauka zai daɗe fiye da su. Yau ka shiga wasu daga cikin wuraren nan ka ce a nuna maka bishiyar da ta ba su suna, sai ka sha yawo.

Wannan yanki namu ma, dattawa za su gaya maka ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa, birni ne ya zo ya same su. Kuma gonakin Kano ba fili ne fetal ba. A shekarun 1980 wasu masana, cikinsu har da Michael Mortimore da J. A. Falola na Jami'ar Bayero, sun yi bincike kan itacen girki a Kano, aka buga shi a 1990. A lokacin ana ta cewa duk inda jama'a suka yi yawa, bishiya ta ƙare. Sai suka tarar manoman da ke kewaye da birnin, duk da cunkoso da farin da aka sha, suna riƙe da bishiyoyin gonakinsu. Suna sassabe reshe, suna ɗibar busasshen itace, amma uwar ba sa taɓa ta. Dalili a fili yake. Manomi ya san ɗorawa kalwa ce, kalwa daddawa ce, daddawa kuɗi ce. Ya san kuka miya ce, kaɗanya mai ce, giginya azara ce, gawo kuma taki ne da abincin dabbobi a tsakiyar rani. A wurare da yawa ma ana gadon ɗorawa daban da gonar da take ciki, ana jinginar da ita kamar kowace kadara.

Saboda haka ba fartanya ce ta cinye mana bishiyoyi ba. Igiya ce. Ranar da gona ta zama fuloti, ranar bishiya ke tashi daga dukiya ta koma cikas. Kowa a Kano ya san awon igiya: dillali ya zo da yaransa, a ja igiya, a kafa turaku, a yanka gona ƙafa hamsin-hamsin ko abin da bai kai ba, a bar ɗan siririn lungu, shi ke nan an fitar da unguwa. Ba a ware wurin makaranta ba, ba a ware magudanar ruwa ba, balle a ce an kewaye wata kanya. Sau da yawa ma kafin a sayar da fulotin farko an riga an yi cinikin itatuwan gonar da masu faskare, riba ce ta daban. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tarauni tana da mutum sama da 220,000 a cikin faɗin da bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Mutane na buƙatar muhalli, wannan ba abin musu ba ne. Wanda ya shekara goma yana tara kuɗin fuloti, yana biyan haya, ba za ka zo masa da wa'azin bishiya ka tafi ka bar shi a titi ba. Amma gida da bishiya ba kishiyoyi ba ne, kuma za mu zo kan yadda ake haɗa su.

Yanzu ga doka. Abu na farko da ya kamata mai sauraro ya sani shi ne, tun daga dokar amfani da ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma takardar mallakar da ake ba ka ta wa'adi ce, galibi shekara 99, da sharuɗɗa a jikinta. Don haka maganar “filina ne, in yi yadda na ga dama” ba ta da gindin zama ko a kan ginin kansa, shi ya sa ake neman izini kafin a haƙa harsashi. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli, har ya ambaci daji da ƙasa da ruwa da iska.

A 1992 gwamnatin tarayya ta yi dokar tsara birane da yankuna, doka ta 88. A cikinta an ba hukumar da ke bayar da izinin gini damar ta gindaya sharaɗin barin bishiyoyin da aka tarar a fili ko dasa sababbi, har ma ta fitar da umarni na musamman na kare wata bishiya. Sai dai a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, kada mu tsaya jiran Abuja. Maganar tana hannun Kano: tana hannun hukumar tsara birane ta KNUPDA, wadda manyanmu suka sani da KASEPPA a da, da ma'aikatar ƙasa, da ma'aikatar muhalli, da majalisar dokokin jiha.

Neman izini kafin a sare bishiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tsofaffi na tuna malamin daji na zamanin En'e. Akwai itatuwan da ko a gonarka suke, sai da takarda za ka kai musu gatari. A hankali abin ya yi sanyi, gatari kuma ya ba injin zarto wuri. Aikin da a da ƙarti huɗu za su wuni suna yi, unguwa tana kallo, har wani dattijo ya samu zarafin cewa a dakata, yau yaro ɗaya zai gama shi kafin ka dawo daga cefane.

Wannan injin ne gwamnatin Kano ta nufa a 2025, lokacin da ma'aikatar muhalli da sauyin yanayi, ta bakin kwamishinanta Dakta Dahiru Muhammad Hashim, ta sanar da hana amfani da shi ba tare da izini ba. Tsarin kashi biyu ne. Mai sana'ar yanka da inji sai ya yi rajista ya karɓi lasisi, yana sabunta shi duk shekara. Wanda kuma ke son a sare masa bishiya ko a datse ta, a filin gwamnati take ko a gidansa, a makaranta ko a masallaci, sai ya nemi izini, jami'an gandun daji su zo su duba, kuma duk wadda aka sare a maye gurbinta da dashe biyu ko uku. Tarar da aka sanar ita ce naira 500,000 da ƙwace inji ga mai aiki ba lasisi, da naira 250,000 a kan kowace bishiyar da aka sare ba izini. Don haka, malam mai fuloti, in za ka kira mai inji, ka fara tambayarsa lasisinsa, kai kuma ka riƙe takardarka a hannu. Hajiya mai ginin gidan haya, kada ki bar wa ɗan kwangila maganar, domin filin da sunanki yake.

Ni ina goyon bayan wannan mataki, kuma da ya zo da wuri da wataƙila tsamiyarmu na nan. Amma akwai abin da nake tsoro, kuma maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu ganinsa. A zamanin dokar daji ta Faransa ta 1935, da wadda ta gaje ta bayan samun 'yancin kai, bishiya a Nijar kamar ta hukuma ce, ko da a gonarka ta tsiro. Ka sare reshe, ma'aikacin daji ya ci ka tara. Me manomi ya yi? Da ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa fitina. Dokar da aka yi don kare itace sai ta zama sanadin ƙarewarsa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonaki suka koma fili, iska tana binne shuka da yashi. A wannan lokaci ne wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aikin gona a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ƙananan tsire-tsiren da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututture ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku mafi ƙarfi, suna rage sauran. Suka kira shi sassabin zamani. Abin da ya sa ya yaɗu shi ne ma'aikatan daji sun sassauta, manomi ya tabbata bishiyar da ya rena tasa ce, daga baya kuma dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa masa wannan haƙƙi. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram, yawancinsu ba dasa su aka yi ba.

Ku dawo da wannan darasi Unguwar Gano. In mutum ya ga darbejiyar ƙofar gidansa ta zama hanyar cin tara, in rage reshe ɗaya sai ya yi sati yana zarya tsakanin ofisoshi yana kashe kuɗin mota, to ba zai kira mai inji da rana ba. Zai ɓare mata ɓawo zagaye da dare, ko ya tuttula mata baƙin mai, ko ya mayar da gindinta wurin ƙona shara, bayan wata shida ya ce ai ta bushe da kanta. Maƙwabcinsa kuma da ya ga haka ba zai dasa ba sam. Shi ya sa nake roƙon mahukunta, Allah ya taimake ku, a kawo izinin nan kusa da jama'a. A samu tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma, a sa wa'adin kwanaki kaɗan da jami'i zai zo ya duba, a bayyana kuɗin a rubuce a bango, a ba da rasit. A bambanta mai rage reshen da ke taɓa kwanon ɗakinsa da mai share gona guda don yanka fuloti. Wanda kuma ya kawo zanen gini ya nuna ya bar tsohuwar bishiya, a rage masa wani abu a kuɗin izinin gini, ya ji a aljihunsa cewa ya yi abin kirki.

Sannan dokar ta hau kan mai dokar. Duk wanda ya san titunan Kano shekara talatin da suka wuce ya san an yi asarar maɗatai da darbejiya masu yawa wajen faɗaɗa hanyoyi da gina shaguna a bakin titi. Hanya abin so ce, gada abin so ce, ba wanda ke son cunkoso. Amma talaka yana kallo. In ya ga an share layin bishiyoyi a mako guda da sunan aiki, ba a dasa ko ɗaya ba, ba zai ɗauki maganar tarar 250,000 da daraja ba. A Nairobi ta ƙasar Kenya, a 2020, aikin wata babbar hanya ya biyo ta kan wani tsohon ɓaure a titin Waiyaki. Jama'a suka tashi, a watan Nuwamba shugaban ƙasar na lokacin, Uhuru Kenyatta, ya ba da umarnin a bar shi, injiniyoyi suka gyara zanensu. An yi hanyar, ɓauren bai faɗi ba. A Ingila tun 1947 ƙaramar hukuma na iya sa wa bishiya ɗaya tak kariya ko a cikin gidan mutum take. A nan gida, Legas na neman izini kafin sara, kuma a dasa biyar a madadin ɗaya. Ashe ba abin da ya gagara ba ne.

To yaya ake gini a bar bishiya da rai? A nan ne mutane da yawa masu kyakkyawar niyya ke kuskure. Muna ɗauka saiwa ƙasa take nutsawa kamar rijiya. Wasu itatuwan na da irin wannan, amma yawancin saiwoyin da bishiya ke sha da numfashi da su suna sama-sama ne, cikin abin da bai kai mita ɗaya ba, kuma suna bazuwa har su wuce inda inuwarta ta tsaya. Masana gini a Ingila na da ma'auni mai sauƙi: auna kaurin gangar jikin daga gefe zuwa gefe daidai ƙirjinka, ka ninka sau 12, abin da ya ba ka shi ne nisan da ya kamata a bar mata ta kowane ɓangare. Bishiya mai kaurin santimita 50 na son mita 6 ke nan.

Da na fara jin wannan ma'auni, karatun zaure ya faɗo mini. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya, masu karantar da Muhtasar na Shehu Halil, sun daɗe suna bayanin harimi: rijiya na da hariminta, gida na da nasa, itaciya ma na da nata, wato gwargwadon filin da maslaharta ke buƙata, wanda ba a yarda wani ya shigo ya yi abin da zai cutar da ita ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, yana da littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen ƙasa da raya ta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an kawo cewa Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, da zai tura runduna Sham, cikin abin da ya hana su har da sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba. Ina ga lokacin zaman lafiya, a layinku, a kan bishiyar da maƙwabtanka ke sha wa inuwa?

Na san fulotin ƙafa hamsin ba zai ba da mita 6 ta kowane gefe ba. Amma ko rabin haka aka samu, an yi wani abu. Sirrin shi ne a kai mai zanen gini filin kafin ya zana, ya ga inda bishiyar take, ya sa tsakar gida ko wurin ajiye mota ko ƙofar gida a wurin. Haka iyayenmu suka yi gini: zaure a gaba, ɗakuna a gefe, bishiya a tsakar gida, a gindinta ake daka, ake tsifa, ake renon yara. Idan aka fara aiki, a kewaye gindinta da 'yan turaku. Kada tifa ta juye yashi ko tsakuwa a wurin, kada a jibge bulo, kada lebura ya wanke kwanon kwaɓa ya zubar da ruwan siminti a gindinta, domin guba ne gare ta. Kada a haƙa shadda ko ramin ruwan wanka a jikinta. In harsashin katanga ya ci karo da babbar saiwa, a haƙa da hannu, a ɗora ƙaramar linta ta tsallake ta, magini mai basira ya san yadda ake yi. In za a shafe tsakar gida da siminti ko a jera bulon ƙasa, a bar mata da'irar ƙasa mai faɗi inda ruwa da iska za su shiga. Bishiyar da aka shaƙe ba ta mutuwa nan take. Sai bayan shekara biyu ko uku ka ga kanta ya fara bushewa, a ce ciwo ne ya kama ta, alhali tun ranar da aka zuba kankare aka yanke mata numfashi.

Akwai kuma lokacin da sara ya zama dole, kada mu ɓoye wannan. Bishiyar da cikinta ya ruɓe, ko ta karkata kan ɗakin kwanan yara, ba a jiran guguwar farkon damina ta yanke hukunci. Cediya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na ɗaga daɓe, tana tsaga bango, wurinsu fili ne mai yalwa kamar harabar makaranta ko masallaci. Reshen da ya shiga wayar lantarki kuwa, don Allah kada a tura yaro da adda, a kira ma'aikatan wuta. Irin waɗannan ne aka yi izinin dominsu, kuma jami'in da ya zo ya gani ba zai hana ba. Abin da ba dalili ba ne shi ne a ce tana tara sauro. Sauro na iya fakewa a ganye da rana, amma a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a kwata da tsohuwar taya da gwangwani. Ka sare mangwaro ka bar kwatar ƙofar gidanka a toshe, zazzaɓi na nan inda yake. Masu cewa tsamiya ko kuka matattarar iskoki ce kuma, a yi addu'a a nemi tsarin Allah, shi ne maganin da aka koya mana, ba inji ba.

Tsakanin maƙwabta ma ana samun saɓani: reshe ya tsallaka katanga, ganye na cika tsakar gidan wani, ko yara na hawa suna leƙen cikin gida. Malamai sun yi bayani cewa wanda ake cutarwa na da haƙƙin a kawar masa da abin da ya shigo haddinsa. A rage reshen, a gyara, ba sai an tumɓuke uwar ba. Irin wannan magana a zauren mai unguwa take ƙarewa cikin minti ashirin, in an je da niyyar sulhu.

Tunda na ambaci masu unguwanni, ranku ya daɗe, mafi yawan cinikin fili a unguwanninmu da saninku ake yi, da sa hannunku a takarda. Ina roƙon a ƙara layi ɗaya a takardar ciniki: a filin nan akwai bishiya kaza, iri kaza. Wannan kaɗai zai sa mai saye ya san an gan ta, an ƙirga ta. Ai ko gwamnati in za ta karɓi gona don aikin jama'a, tana ƙirga itatuwa masu amfani ta biya diyyarsu, to don me mu za mu yi ciniki kamar ba su nan? 'Yan uwa dillalai, in za ku ja igiya, ku karkata ta kaɗan bishiyar ta faɗo a kan iyaka ko a bakin layi, ba a tsakiyar fuloti ba. Fulotin da ke da inuwa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ku kun fi kowa sanin ba zai yi kwantai ba. Masu rabon gado ma haka, a sa bishiya cikin lissafi tun kafin a kira mai awo.

Game da dashen da doka ta ce a yi a madadin wadda aka sare, kada mu yaudari kanmu cewa an biya bashi. Tsiro uku masu tsawon kamu ɗaya ba su zama tsamiyar shekara tamanin ba, wanda zai sha inuwarsu sai jikanka. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta. Kuma dasawa ce mai sauƙi, renon ne aiki. A dasa a watan Yuni ko Yuli in ruwa ya zauna, a kewaye da bulo ko kwando saboda awaki, a ba wani yaro amanar ban ruwa a rani biyu na farko. Ruwan alwalar masallacin layinku kaɗai, in aka yi masa 'yar hanya, ya isa ya rayar da bishiya uku. Kada kuma mu tsaya a kan darbejiya kaɗai. Baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, ta yi mana rana ƙwarai, tana jure fari, tana saurin girma. Amma a haɗa da namu na gado: maɗaci da tsamiya a bakin manyan tituna da harabar makarantu, kanya da ɗinya inda akwai fili, mangwaro da gwaiba da lemo da zogale a tsakar gida.

A layin da na ba ku labari da farko, akwai wani kango da ba a gina ba tukuna, da wata kanya a kusurwarsa ta gabas. Na ji magada sun fara maganar sayarwa. Shekaranjiya na je na gaida mai unguwa, na roƙe shi a rubuta kanyar a takardar ciniki, a kuma nuna wa duk wanda zai saya cewa in ya ja katangarsa baya da taku uku, za ta faɗo a ƙofar gidansa. Ya ce in zo da babban magajin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Lokaci ya ƙwace mana, jama'a. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar magudanan ruwa da gini a kan hanyar ruwa, tun kafin damina ta sauka.